Littafin bashin Kawu: localStorage, IndexedDB ko SQLite, a ina manhaja za ta ajiye bayanai idan babu sabis?

Kawuna yana da shagon taki da maganin feshi da irin shuka a Daura, kuma kamar kowane mai wannan sana'a, rabin cinikinsa na damina bashi ne. Manomi ya ɗauki buhu biyu na yuriya a watan Yuni ya ce sai kaka, a rubuta. Ranar Lahadi yaran shago kan loda kaya su tafi kasuwar Mai'adua, inda waya ke ta tsalle tsakanin sabis ɗin Najeriya da na Nijar, wani lokacin ta rasa duka biyun. Can ma bashin ake bayarwa, can ma ake karɓar biya.

Ni na kawo shawarar a bar littafi a koma waya. Na rubuta ƙaramar manhaja ta yanar gizo, irin wadda ake buɗewa da Chrome ba sai an je Play Store ba, na sa tana ajiye komai a localStorage, wani ɗan wurin ajiya da ke cikin burauza (manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome), saboda shi ne mafi sauƙi, layi biyu na kod, wato umarnin da ake rubuta wa manhaja, an gama. Sati bakwai tana aiki lafiya lau. Sai wata Asabar wayar babban yaron shagon ta cika, ya shiga saitin waya yana neman abin da zai goge don bidiyo ya samu wuri, ya ga Chrome ya ci memori da yawa, ya share masa komai. Da safe aka buɗe manhaja aka tarar da ita fayau.

"Injiniya," in ji Kawu, don haka yake kirana idan zai yi mini ba'a, "littafina na takarda shekara goma sha ɗaya, gara ce kawai ta taɓa cin gefensa. Naka ko wata biyu bai cika ba."

"A yi haƙuri, Kawu, laifina ne."

"Ba komai. Ai ban daina rubutawa a nawa ba."

Ashe tun ranar farko bai yarda da ni ba, kullum da dare sai ya sa an karanto masa ya kwafe a littafi. Shi ya cece mu.

Na daɗe ina ɗora wa localStorage laifin wannan abu, sai daga baya na gane da a IndexedDB na ajiye, ko a SQLite, waɗanda su ma wuraren ajiyar bayanai ne da suka fi shi girma, da duk haka za a yi, domin yatsan yaron nan ɗaya zai kwashe su gaba ɗaya. Tambayoyi biyu ne ashe, ni kuwa ɗaya na yi wa kaina: a wane lungu na burauza za a ajiye, sannan wa ke da ikon sharewa. Zan ɗauke su bi da bi, don ɗalibai da masu koyon wannan aiki a Katsina suna yawan tambayata, kuma kusan kullum ta farkon kaɗai suke tambaya.

Kukis da sessionStorage ba za su ɗauke mu lokaci ba. Kukis, wato 'yan guntayen rubutu da shafi ke bari a burauza, tsohon abu ne, tun 1994 Lou Montulli ya ƙirƙiro su a kamfanin Netscape, kowane ɗaya bai wuce kilobait 4 ba, kuma duk lokacin da waya ta yi magana da uwar garke, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta a intanet, sai an haɗa da su an tura. Wanda ya cusa bayanan kwastomomi a kukis datar mai shago yake ƙonawa a banza. Aikinsu ɗaya ne mai kyau, riƙe shaidar cewa wane ne ya shiga, musamman idan aka sa musu alamar HttpOnly yadda kod ɗin da ke cikin shafi ba zai iya karanta su ba. Shi kuwa sessionStorage da an rufe tab ya tafi da abin da ke cikinsa. Ya dace da fom ɗin da ake tsakiyar cikewa, bai dace da bashin da za a biya bayan wata biyar ba.

Akwai kuma matattu biyu da har yanzu ake cin karo da su a tsofaffin darussa. WebSQL, wani tsohon rumbun bayanai na burauza, tun Nuwamban 2010 hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta daina aiki a kansa, Firefox bai taɓa karɓarsa ba, Chrome kuma ya cire shi a siga ta 119 a ƙarshen 2023. AppCache, tsohuwar hanyar sa shafi ya buɗe ba sabis, shi ma an cire shi, Service Worker da za mu gani nan gaba ya gaje shi. Duk darasin da ka ga yana koyar da ɗayansu, ka san ya tsufa.

Yanzu localStorage, wanda shi ne jarabar kowa. Ba na ƙinsa. Aljihun riga ne: ka sa hannu ka ciro nan take, ba jira ba dogon bayani. Amma aljihu bai ɗaukar buhu. Abin da yake karɓa wajen megabait 5 ne ga kowane adireshi, kuma rubutu zalla yake ajiyewa, don haka duk abin da za ka ba shi sai ka mayar da shi rubutu da JSON.stringify, in za ka karɓa ka sake warware shi. Idan kowane layin bashi ya ci haruffa 200, kana da wurin layi dubu ashirin da wani abu, wanda ga ƙaramin shago ba kaɗan ba ne. Matsalar takan fara ranar da mai shago ya ce a riƙa ɗaukar hoton rasit. Hoto ɗaya na kyamarar waya kan kai megabait 2 ko 3, mayar da shi rubutu kuma na ƙara masa kashi ɗaya bisa uku, sai ka ga hoto na biyu ya cika aljihun, burauza ya jefo QuotaExceededError. In ba ka shirya wa wannan kuskure ba, yaron shago zai danna "ajiye", ya ɗauka an ajiye, alhali ba a ajiye komai ba.

Abu na biyu ya fi ɓoyuwa. Idan localStorage na aiki, komai na shafin tsayawa yake har sai ya gama. A kwamfutar da nake rubuta manhaja ban taɓa lura ba. A kan itel mai memorin aiki gigabait 2, da littafin ya yi kauri, kowane danna "ajiye" sai an kwashe littafin duka a warware, a ƙara layi ɗaya, a sake naɗewa, a mayar. Allon ya ɗan daskare, yaro ya ɗauka bai dannu ba ya sake dannawa, bashi ya shiga sau biyu. Na uku kuma, ba shi da tsarin hana hannu biyu karo. A buɗe manhaja a tab biyu, kowanne ya karanto littafin, kowanne ya ƙara nasa layi, wanda ya rubuta daga baya ya danne na farko ba tare da ko tari ba. Sannan Service Worker, wanda za mu zo kansa, ba ya iya taɓa localStorage sam, to ba zai iya ɗauko abin da ke ciki ya tura ba idan sabis ya dawo.

Abin da nake bari a cikinsa yanzu bai wuce abu huɗu ba: harshen da aka zaɓa, Hausa ko Turanci, girman rubutu saboda idon Kawu, sunan kasuwar da aka buɗe a ƙarshe, da ko an riga an nuna wa mutum bayanin farko. In sun ɓace ba wanda zai yi kuka.

IndexedDB shi ne rumbun gaske da kowane burauza na zamani ke zuwa da shi. W3C ta tabbatar da shi a Janairun 2015, siga ta biyu ta biyo baya a 2018. Yana karɓar abu yadda yake, lamba a matsayin lamba, kwanan wata a matsayin kwanan wata, hoto a matsayin hoto ba sai an mayar da shi rubutu ba. Ba ya daskarar da allo, kana ba shi aiki zai karɓa ya ce je ka, in na gama zan sanar da kai. Yana da fihirisa, ma'ana in ka ce a nemo duk bashin da ke kan mutanen Sandamu ba sai ya bi layi dubu goma ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yana ƙulla ayyuka su zama duka ko babu. A rage buhu biyu daga sito, a rubuta su a kan manomi: ko dai duka biyun su shiga, ko in batir ya mutu a tsakiya kada ko ɗaya ya shiga. Ga duk abin da ya shafi kuɗi wannan kaɗai ya isa dalili.

Aibinsa shi ne wahalar sha'ani. Wanda ya taɓa rubuta masa kod kai tsaye ya san abin da nake nufi, sai ka yi layi talatin kafin ka ajiye suna ɗaya. Shi ya sa kusan ba mai taɓa shi da hannu, laburare ake ɗorawa a kai, wato shiryayyen kod da wani ya riga ya rubuta don sauƙaƙa aiki. Akwai idb na Jake Archibald, ɗan ƙarami ƙwarai, wanda bai canja komai ba illa ya sauƙaƙa jiran amsa. Akwai localForage da Mozilla ta fitar, mai kama da localStorage a fuska amma IndexedDB ne a ciki. Ga wanda ya riga ya gina manhaja a kan localStorage yana neman mafita cikin gaggawa, localForage ce hanya mafi kusa, sai dai ba za ka mori fihirisa ba, ka sayi rumbu ne kana amfani da shi kamar aljihu. Ni Dexie na David Fahlander na zaɓa, don a layi ɗaya kake faɗin teburanka da fihirisarsu, kuma yana kula da sauya tsari idan ka fitar da sabuwar siga.

Wannan sauya tsarin a kula da shi. Ranar da na ƙara gurbin lambar waya a teburin manoma, sabuwar sigar ta ƙi buɗewa a wayar Kawu, ta tsaya tana juyi. Dalili, akwai tsohon tab da aka manta a buɗe tun makon jiya yana riƙe da tsohon rumbun, kuma IndexedDB ba ya sauya tsari sai kowa ya saki. Wayar Kawu tab sittin da wani abu ne a buɗe, ban san ranar da ya taɓa rufe ko ɗaya ba. Dole manhaja ta saurari sanarwar cewa sabuwar siga na jira, ta saki rumbun da kanta. Wani tarkon kuma, in ka buɗe ƙullin aiki sannan ka tsaya jiran amsa daga intanet a tsakiyarsa, kafin amsar ta zo ya rufe kansa, abin da ka rubuta bayan nan ya ƙi shiga.

Ga wani abu da ba za ka gani a darasin da aka rubuta a Amurka ba. IndexedDB yana jera rubutu ne bisa lambar kowane harafi a tsarin Unicode, kuma haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, lambobinsu na can bayan z. Saboda haka Ƙanƙara ba za ta zo kusa da Kankiya a jeri ba, sai can ƙasa bayan Zango. Mafi muni, yaro ɗaya ya rubuta Ɗanja da lanƙwasa, ɗayan da allon wayarsa ba shi da ita ya rubuta Danja, rumbun ya ɗauke su gari biyu. Haka yake bambanta babban harafi da ƙarami. Maganin da na yi shi ne kowane suna ina ajiye shi sau biyu: yadda aka rubuta shi don nunawa, da kuma wanda aka miƙe wa lanƙwasa aka ƙanƙantar da haruffansa don nema, fihirisar kuma a kan na biyun take. Kada wanda ya koma SQLite ya ɗauka ya tsira, don tsarinsa na yin biris da babba da ƙarami haruffan Turanci 26 kawai ya sani.

Tunda an zo maganar ƙananan abubuwa, kuɗi a ajiye shi da cikakkiyar lamba, naira ko kwabo, ba mai ɗigo ba. JavaScript in ka ce ya haɗa 0.1 da 0.2 ba 0.3 cif yake bayarwa ba, kuma ɗan kasuwar da ya ga naira ɗaya ta yi ɓatan dabo ya gama yarda da manhajarka.

Cache Storage da Service Worker mutane kan sa su a layi ɗaya da waɗannan kamar kishiyoyi ne, alhali aikinsu dabam. IndexedDB na riƙe abin da aka rubuta a littafi, Cache na riƙe littafin kansa: shafin, kod ɗin, hotunan maɓallai, salon rubutu. In babu shi, bayananka na nan lafiya a cikin waya amma ba ƙofar shiga, ka buɗe adireshi a Mai'adua ɗan dabbar nan na Chrome ya fito yana jiran ka yi wasa da shi. Service Worker ɗan aike ne da ke tsaye tsakanin shafi da intanet, duk abin da shafi ya nema sai ya duba ko yana da shi a ajiye kafin ya fita nema. Chrome ya fara tallafa masa a 2015, Safari sai 2018, kuma ba ya aiki sai adireshin na HTTPS ne. Duk manhajar da ake so ta buɗe ba sabis dole ta yi amfani da shi, ko me aka zaɓa na ajiye bayanai. Wahalarsa ita ce ya cika riƙon amana: ka gyara kuskure ka tura sabuwar siga, shi yana nan yana miƙa wa mutane tsohuwar. Workbox na Google na rage wannan ciwon kai. Kuma a tuna, sabis mai sanda ɗaya da ba ya tafiya ya fi rashin sabis wahalar da manhaja, don waya na cewa akwai intanet, shafi ya tsaya jira har abada. A sa shi ya fara nuna abin da ke ajiye, ya nemi sabo a bayan fage.

Sai sabon shiga, wanda matasa suka fi zumuɗi a kansa. OPFS wani keɓaɓɓen wurin ajiye fayil ne da burauza ke ba kowane adireshi, mai waya ba ya ganinsa a cikin fayilolinsa. Safari ya kawo shi a siga ta 15.2, Chrome na da shi, Firefox ya shigo a siga ta 111 a Maris ɗin 2023. Ana iya rubutu a tsakiyar fayil kai tsaye da sauri, abin da ya sa Photoshop na yanar gizo ke amfani da shi wajen manyan hotuna. Da wannan ne SQLite, rumbun da Richard Hipp ya fara a 2000 wanda ke cikin kowace wayar Android da iPhone, ya samu wurin zama a burauza: tun siga ta 3.40 a Nuwamban 2022 masu shi ke fitar da zubin WebAssembly, wato wanda burauza ke iya gudanarwa, da kansu.

Daɗinsa a fili yake ga duk wanda ya iya SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi. Kawu ya ce yana son jimillar bashin kowane ƙauye, wata-wata, a ware na taki da na maganin feshi. A SQLite jimla ɗaya ce. A IndexedDB babu haɗa tebur da tebur, babu tarawa, sai ka kwaso layukan ka lissafa da hannunka. Amma ga kuɗin da za ka biya. Sai mai waya ya sauke kusan megabait ɗaya kafin komai ya fara, inda Dexie bai wuce 'yan gomomin kilobait ba. Hanyar rubutu mai saurin nan ba ta aiki sai a cikin ma'aikacin bayan fage, wato kod ɗin da ke aiki dabam da shafin, don haka duk tambaya sai an aika an jira amsa. Ɗaya daga hanyoyin haɗa shi da OPFS na buƙatar uwar garke ta riƙa turo wasu kanun tsaro biyu, COOP da COEP, waɗanda ba kowane masauki mai araha ke bari ka saita ba, ɗaya hanyar kuma ba ta buƙatarsu amma tab ɗaya kawai ke iya riƙe rumbun a lokaci guda, ka kuwa ji yawan tab ɗin Kawu. Sannan tsohuwar wayar da aka shekara uku ba a sabunta Chrome ɗinta ba don tsoron cin data, mai yiwuwa ba ta san OPFS ba sam. Ra'ayina, in layukanka ba su kai dubu ɗari ba kuma rahotanninka ba su da sarƙaƙiya, SQLite a burauza ɗaukar tirela ne don kai buhu uku. In kuwa manhajar asibiti ce ko ta makaranta mai teburi ashirin da ke shiga juna, ko kana da irinta a Android da ke kan SQLite kana son tsari ɗaya, to ya cancanci wahalarsa.

Yanzu tambaya ta biyu, wadda ta kayar da ni. Duk waɗannan, daga localStorage har OPFS, a ɗaki ɗaya suke, kuma ɗakin na burauza ne, aro ya ba ka. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara. A takarda wurin na da yawa: Chrome na barin adireshi ɗaya ya ci har kashi 60 cikin 100 na memorin na'ura, Firefox kashi 10 cikin 100 ko gigabait 10, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Amma daga jimillar girman memori ake lissafin, ba daga abin da ya rage ba. Wayar gigabait 32 da bidiyon biki da saƙonnin murya na WhatsApp suka cinye ta, wurin da ya rage na gaske bai fi cikin cokali ba. Idan wuri ya ƙure, burauza na da ikon korar adireshin da aka fi daɗewa ba a buɗe ba, kuma ba ya tsinta, duk kayan adireshin yake kwashewa lokaci ɗaya. Manhajar da ake buɗewa kullum ba ta cika shiga wannan haɗari ba. Wadda ake buɗewa da damina a manta da ita har wata daminar, ita ce a bakin layi.

Ana iya roƙon burauza ya ɗaga maka ƙafa ta hanyar navigator.storage.persist(). Firefox kan tambayi mai na'ura, Chrome kuwa shi kaɗai yake yanke hukunci, yana duba ko an girka manhajar a fuskar waya da yadda ake yawan amfani da ita. A roƙa, ba a asarar komai. Amma kariyar daga burauza ce kawai, ba ta hana mai waya sharewa da hannunsa, ba ta hana faɗawa rijiya, ba ta hana ɓarawon kasuwa.

Masu iPhone nasu ya fi tsanani. Tun Maris ɗin 2020 Safari ke share duk abin da shafi ya ajiye in aka yi kwana 7 ana amfani da Safari ba a taɓa wannan shafin ba. Mafita ita ce a ɗora manhajar a fuskar waya, don wadda aka ɗora ba ta bin wannan lissafi na Safari. Sai dai ma'ajiyarta dabam take da ta Safari, abin da aka rubuta can ba zai biyo ta ba, saboda haka a ɗora tun ranar farko. A Android akasin haka ne, wadda aka girka daga Chrome ɗakinsu ɗaya da Chrome, a share shi an share ta.

Wasu ramukan ƙanana ne amma na ga sun ci mutane. Ma'ajiya na bin adireshi ne, ka sauya sunan adireshin manhaja bayanan da ke tsohon ba za su biyo ka ba. Kowane burauza da nasa ɗakin, wanda ya rubuta a Chrome ya buɗe a Phoenix da ke zuwa a wayoyin Tecno da Infinix zai ga wayam, haka wanda ya danna adireshin daga cikin Facebook. Shafin sirri da an rufe ya share. Opera Mini a yanayin tsimin data mai tsanani a kwamfutocin kamfanin yake haɗa shafi ya turo, ba Service Worker ba IndexedDB, gara manhaja ta gane shi ta faɗa wa mutum gaskiya. Sannan ba ɗaya daga cikinsu da ke kulle bayanai daga wanda ya riƙe wayar a buɗe, ko daga muguwar kod da ta samu tsaga ta shigo shafinka. Sunaye da lambobin waya da bashin mutane amana ce, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a. Abin da ba a buƙata a kasuwa kada a sauke shi a wayar yaro.

Duk wannan ya sa na daina kallon abin da ke waya a matsayin littafin, na mayar da shi takardar aljihu da ake rubutawa kafin a dawo shago. Aikin gaske shi ne yadda bayanai ke fita daga wayar. A nan akwai waɗanda suka riga suka yi wahalar. PouchDB na zama a kan IndexedDB ya riƙa daidaita kansa da CouchDB, wani rumbun da ke kan uwar garke, duk lokacin da sabis ya samu, kuma da shi aka gina Community Health Toolkit da ma'aikatan lafiya na karkara ke amfani da shi a ƙasashe da dama. Firestore na Google ma yana ajiye kwafi a IndexedDB ya tura daga baya, sai dai ka ɗaure kanka da kamfani ɗaya, kuma in aka wuce na kyauta da dala ake biya. Ni da yake abin ƙarami ne da hannu na yi: teburi ɗaya na jiran tafiya, duk abin da aka rubuta ya shiga can, ba a cire shi sai uwar garke ta amsa cewa ta karɓa. Akwai Background Sync da ke tura saƙo ko an rufe shafi, amma Chrome da danginsa kaɗai ke da shi, don haka ban jingina da shi ba, duk buɗewar manhaja sai ta gwada turawa.

Dabaru biyu suka raba ni da rigimar waya biyu. Na farko, kowane layi na samun lambar shaida daga crypto.randomUUID(), mai ƙirƙiro doguwar lambar da da wuya ta yi karo da wata, ba 1, 2, 3 ba, don yaron da ke Mai'adua da wanda ke shago kada kowannensu ya ƙirƙiro layi na 418. Wannan kuma ya kashe matsalar turawa sau biyu, in lambar ta riga ta iso sai a yi biris da ta biyun. Na biyu daga littafin Kawu na koya: ba a goge layi, ba a gyara jimilla. An karɓi kaya, layi. An biya rabi, wani layi. An yi kuskure, layi na uku mai warware shi. Jimilla lissafa ta ake yi duk lokacin da aka tambaya. In haka ne, wayoyi biyar ma su yi sati ba su ga juna ba, ranar da suka haɗu zuba layukan kawai za a yi wuri ɗaya. Agogon waya kuma ba abin yarda ba ne, na ga wadda batirinta ya mutu ta farka tana cewa shekarar 2010 ake ciki, shi ya sa uwar garke ke buga nata lokacin a kan kowane layi.

Mu a jihar Katsina mun san rashin sabis ba na awa biyu ba ne kawai. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtuwa, Jibiya, Batsari da Ƙanƙara, aka yi watanni a haka. Manhajar da ke jiran intanet kafin ta fitar da kwafi, a irin wannan hali wata uku na aikin mutum na rataye a waya ɗaya. Saboda haka na ƙara maɓalli guda da ke fitar da komai a fayil ɗin CSV, wato tebur na rubutu zalla, a tura ta WhatsApp in da sabis, in babu a tura wa wata wayar ta Bluetooth ko Xender, da wani maɓallin da ke karɓar fayil ɗin ya zuba.

Ga wanda ke son amsa a taƙaice bisa irin aikinsa: shafin karatu kawai, kamar jadawalin darussa ko farashin kaya, Cache da Service Worker sun wadatar. Fom ɗin tattara bayanai a ƙauyuka, rajistar ɗalibai, littafin shago, duk IndexedDB ta hannun Dexie, da Cache don manhajar ta buɗe. Ma'aikata da yawa masu gyara abu ɗaya, a duba PouchDB kafin a ce za a ƙirƙiro sabo. Manyan fayiloli ko rahotanni masu nauyi, OPFS da SQLite, bayan an gwada a kan mafi tsufar wayar da za ta yi aikin, ba a kan kwamfutar mai rubutawa ba.

A saman manhajar Kawu yanzu akwai ɗan layi ja da ke cewa, misali, "Layi 14 ba su tafi ba tukuna", ya koma kore in sun tafi. Babban yaron ya san in ja ne ba a taɓa saitin waya. Ran Lahadin da ta wuce sun dawo daga Mai'adua da layi 31 a jan, suna shigowa Daura wajen magariba ya koma kore tun kafin a sauke kaya. Da dare na leƙa shagon na tarar Kawu da tocila a hannu, yaron na karanto masa daga waya, shi kuma yana kwafewa a littafi.